Kafin A Sayi Talabijin, A Tambayi Cinsa

Manomin da ya tafi kasuwa sayen shanun noma ba ya tsayawa a kan kuɗin saye kaɗai. Yakan tambayi kansa ko yana da harawa da dusa da za su kai su har faɗuwar ruwa, gama sayen dabba na rana ɗaya ne, amma ciyar da ita na kullum ne. To, haka talabijin yake, haka kuma allon kwamfuta. Kowannensu yana da cinsa, abincinsa kuwa wutar lantarki ce.

A 'yan shekarun nan gidaje da yawa a ƙauyukanmu sukan sayar da amfanin gona bayan kaka, su sayi farantin sola da batir da talabijin. Abu ne mai kyau, domin iyali suna samun labarai da shirye-shiryen noma da na lafiya. Amma a yawon da muke yi ƙauye-ƙauye akwai kukan da muke yawan ji. Wani ya ce batirinsa bai shekara ba ya mutu. Wani ya ce kafin ƙarfe tara na dare fitilu sun ɗauke, yara ba su gama aikin makaranta ba. Akan ɗora laifin a kan mai sayar da kaya, wani lokaci kuwa da gaskiyar masu kukan. Amma sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, lissafi ne ba a yi ba. Wannan lissafi ba shi da wuya. Duk wanda ya iya ƙirga mudun hatsin da gidansa ke ci a wata zai iya yinsa.

MA'AUNIN WUTA

Kamar yadda ake auna hatsi da mudu, haka ake auna ƙarfin jan wuta da abin da ake kira wat. An samo sunan daga James Watt, wani injiniya mutumin Sikotilan wanda ya rasu a 1819. A jikin kaya akan rubuta shi da harafin W. In ka ga an rubuta 40W, watau abin yana jan wat 40 duk lokacin da yake kunne.

Amma wat kaɗai bai gaya mana wutar da ta tafi ba, sai mun haɗa shi da lokaci. Wat kamar faɗin bakin ramin da hatsi ke zuba ne daga buhu. Yawan hatsin da zai zube ya danganta ga faɗin ramin da kuma daɗewar da ya yi yana zuba. Saboda haka sai mu riɓanya wat da yawan awoyi, abin da ya fito mu kira shi wat-awa. Talabijin mai wat 40 da ya yi awa 5 a kunne ya ci wat-awa 200 ke nan. Wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya, wanda masu mita suke saye. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe dukan sauran bayanin.

KOWANE IRI DA CINSA

Ga kimanin abin da akwatunan da ake samu a kasuwanninmu suke ja. Kamfani da kamfani sun bambanta, amma ba su cika yin nisa da wannan ba:

Tsohon talabijin mai ƙaton baya, inci 14: wat 40 zuwa 60.
Tsohon talabijin mai ƙaton baya, inci 21: wat 70 zuwa 100.
Filasma na ainihi, inci 42: wat 150 zuwa 300.
Shafaffe mai fitilun LED, inci 24: wat 20 zuwa 30.
Shafaffe mai fitilun LED, inci 32: wat 30 zuwa 50.
Shafaffe mai fitilun LED, inci 43: wat 50 zuwa 80.
Ƙaramin talabijin na sola mai aiki da batir kai tsaye: wat 10 zuwa 20.
Dikoda: wat 8 zuwa 20.

Me ya sa mai ƙaton baya ya fi ci, alhali fuskarsa ƙarama ce? A cikinsa akwai wata babbar kwalba. Tilas ne a zafafa wata 'yar waya a ƙarshen kwalbar, a ɗaga ƙarfin wuta ya wuce bolt 20,000, sa'an nan a yi ta harba ta a kan gilashin gaba kafin hoto ya fito. Wuta mai yawa tana zama zafi a wajen wannan aiki. In ka ɗora hannu a samansa bayan awa biyu za ka ji ɗumi, wannan ɗumi kuwa wutar da ka biya ce take tashi a banza. Shafaffe na zamani ba haka yake ba. Ƙananan fitilun LED ne a bayan gilashi suke ba da haske, irin waɗanda ke cikin tocilan na yanzu, cinsu kaɗan ne ƙwarai. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗiyar LED, wadda ta buɗe hanyar samun farin haske mai ƙaramin ci.

Sai mu yi hattara da sunan filasma. Mutanenmu sun saba kiran kowane shafaffen talabijin filasma, amma iri biyu ne dabam. Filasma na ainihi yana da nauyi, yana zafi, shi ne kuma sarkin ci a cikinsu duka. Manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung sun daina ƙera shi a 2014, saboda haka wanda ka gani a kasuwa yau na hannu ne. Akan sayar da shi da araha domin girmansa ya ja ido, amma araha ba ta ado. Haka kuma akwai shafaffu na farko-farko waɗanda dogayen ƙwayayen fitila ne a bayansu maimakon LED, su ma sun fi na yanzu ci.

Girman fuska ma abin lura ne. Ana auna inci daga kusurwa zuwa kusurwa. In tsawon nan ya ninka biyu, faɗin filin da za a haskaka ya ninka huɗu, kamar yadda gona mai taki 20 a kowane gefe ta ninka mai taki 10 sau huɗu. Saboda haka kada mai saye ya ce bambancin inci 24 da inci 43 kaɗan ne.

LISSAFIN GIDAN DA KE DA SOLA

Batir rumbu ne, farantin sola kuwa gona. Ba za a ɗebi abin da ya fi wanda gona ta kawo ba, sai dai a cinye iri.

Bari mu ɗauki misalin gida mai batir na bolt 12 wanda aka rubuta wa 100Ah, da faranti ɗaya mai wat 100. In mun riɓanya 12 da 100 mun sami wat-awa 1,200, shi ne cikin rumbun. Amma batir mai ruwa, da irinsa na dalma wanda aka rufe, ba a cinye shi ƙaf. Rabi ake ɗiba a bar rabi, in ba haka ba kwanansa ya ragu ƙwarai. Watau wat-awa 600 ne namu. Sabon batir na litiyam ya fi haƙuri, ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, sai dai ya fi tsada.

Farantin kuma fa? A ƙasarmu ta arewa, ranar da gari ya yi garau, faranti mai wat 100 yakan zuba kimanin wat-awa 400 a batir. A watan Agusta lokacin marka, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe sama ƙura ta kwanta a kan faranti, abin yakan ragu sosai.

A ce gidan nan suna kunna ƙwai 4 masu wat 5 na awa 5, wat-awa 100 ke nan. Cajin wayoyi uku ya ɗauki kimanin 40. Jimla 140, tun ba a kunna talabijin ba. Yanzu a ce ana kallo awa 4 kowane dare.

Na ɗaya, mai ƙaton baya na wat 80 tare da dikoda mai wat 12. Sun zama wat 92, sau 4 ya ba mu 368. Amma waɗannan ba sa aiki da wutar batir kai tsaye, sai an bi ta inbata, wadda ke juya bolt 12 ya koma 230 irin na wutar gari. Inbata kuwa tana karɓar ladanta, kimanin kashi 15 cikin 100. Abin da zai fita daga batir ya kai 430. A haɗa da 140 na fitilu da waya, ya zama 570. Gona ta kawo 400, gida ya ci 570. Kowace rana ana cin bashin 170. Cikin 'yan kwanaki batir ya faɗi ƙasa, ba zai ƙara cika ba, batirin dalma da ya daɗe bai cika ba kuwa lalacewa yake yi. Nan ne asalin kukan da muka ambata.

Na biyu, shafaffe inci 32 mai wat 40 tare da dikodar nan. Wat 52 sau 4 ya zama 208, da ladan inbata ya kai kimanin 245. A haɗa da 140, ya zama 385. Ya isa, amma da ƙyar, ranar hadari sai an rage kallo.

Na uku, ƙaramin talabijin na sola mai wat 20, wanda ake jonawa a batir kai tsaye, mai dikoda a cikinsa. Wat 20 sau 4 ya zama 80, babu ladan inbata. Jimla 220. Saura 180 kowace rana, ana iya kunna ƙaramar fanka, ko a bar shi ajiya domin ranar da babu rana.

Ga gida ɗaya, faranti ɗaya, batir ɗaya, labarai iri ɗaya aka kalla, amma na farko zai sayi sabon batir ba da daɗewa ba, na uku kuwa batirinsa zai yi shekaru. Kuɗin batir ɗaya ya fi bambancin kuɗin da ke tsakanin akwatunan a yawancin lokaci.

Wannan dabara ta daidaita akwati da faranti ba sabuwa ba ce a yankinmu. A Jamhuriyar Nijar an soma koyar da 'yan makaranta ta talabijin a 1964, a 1968 kuma aka gwada kunna akwatin wata makaranta kusa da Yamai da hasken rana. Faranti a wancan zamani yana da tsada ainun, saboda haka kowane wat sai da aka ƙirga shi. Yau faranti ya yi sauƙi, amma batir har yanzu da tsadarsa, ƙirgar ba ta daina amfani ba.

MAI MITA DA MAI JANARETA

Wanda ke da wutar gari, shi ma lissafin nan nasa ne. Akwati mai wat 80, awa 5 kullum, kwana 30, ya ci yunit 12. Mai wat 40 ya ci yunit 6. A shekara bambancin ya kai yunit 72. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta sa yunit ɗaya a kan Naira 225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka ce za su riƙa samun wuta awa 20 a rana. A wannan farashi yunit 72 ya zama Naira 16,200. Yawancin ƙauyuka ba sa cikin wannan rukuni, saboda haka kowa ya duba takardar sayen wutarsa ya riɓanya da nasa farashi. Garuruwan da kamfani ya kafa musu ƙaramar tashar sola su ma da yunit suke biya, sau da yawa kuma nasu ya fi tsada.

Janareta kuwa halinsa dabam ne. Ko ka ɗora masa kaya kaɗan, sai ya sha mai domin juya kansa. Ƙaramin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai yakan sha kusan rabin lita a awa, ƙarfinsa na gaskiya kuma wajen wat 650 ne. Tayar da shi domin talabijin mai wat 40 kaɗai kamar ɗaure wa shanu biyu amalanke ne domin kai kwando ɗaya kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 wannan hasara ta ƙara nauyi. In tilas ne a tayar da shi, a haɗa ayyuka lokaci ɗaya: kallo, da cajin wayoyi, da cajin batir. A kuma ajiye shi waje, nesa da taga, gama hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

ƁERAN DA KE CI DA DARE

Akwai cin da ba a gani. In ka kashe talabijin da rimot, ka ga 'yar jar fitila tana nan, to bai mutu ba, gyangyaɗi yake yi yana jiran kira. Tsofaffin akwatuna sukan ja wat 5 zuwa 10 ko fiye a wannan hali. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka cewa sababbin kaya kada su wuce wat 1 a irin wannan jira daga 2010, aka kuma rage shi zuwa rabin wat daga 2013. Saboda haka sababbin talabijin na kirki sun rage wannan hali. Amma kayan gwanjo da aka ƙera kafin lokacin suna nan da shi. Dikoda ma haka, waɗansu abin da suke ja a kashe ya yi kusa da abin da suke ja a kunne. Tun da aka soma komawa tsarin dijital a Jos a watan Afrilu na 2016, ga kuma masu tauraron ɗan adam, da wuya ka ga talabijin ba dikoda a gefensa, saboda haka a riƙa sa ta cikin lissafi.

Mu gwada. Wat 10 na awa 20 da ba a kallo ya zama wat-awa 200 a rana. Daidai yake da kallon awa 5 a akwati mai wat 40, ba wanda ya ga ko hoto ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Inbata ma in an bar ta a kunne ba kaya a kanta tana jan nata, wata wat 10, wata har 30. Maganin wannan ɓera ba ya cin ko kwabo: a kashe daga soket, a kashe inbata kafin a kwanta.

ALLON KWAMFUTA

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka makarantun ƙauye da ƙungiyoyin iyaye suna ƙoƙarin samun kwamfutoci domin yara su saba. Sau da yawa kyauta ake kawowa, ko a sayi na hannu. Kafin a karɓa da murna, a yi lissafi.

Tsohon allo mai ƙaton baya na inci 17 yana jan wat 70 zuwa 100. Shafaffe mai LED na inci 19 zuwa 22 yana jan wat 15 zuwa 25. Allo kuwa ba shi kaɗai yake aiki ba, akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur yana jan nasa, kamar wat 60 zuwa 100 a aikin rubutu. A ce makaranta ta sami guda 10 na tsohon yayi, allo wat 80, akwati wat 80. Jimla wat 1,600. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke su ba, sola da za ta ɗauke su kuwa ta fi ƙarfin aljihun iyaye. In aka musanya allunan kaɗai da shafaffu masu wat 20, jimla ta sauko zuwa 1,000. In kuwa kwamfutocin tafi-da-gidanka ne masu jan kimanin wat 30, guda 10 wat 300 ne kacal, ga shi suna da batirinsu a ciki, in wuta ta ɗauke aikin yaro bai ɓace ba. Kyautar da ba a iya ciyar da ita takan ƙare a sito, gara da ƙura su gaje ta.

Waɗansu suna tsammani hotunan nan masu yawo da kan fito a allo in an bar kwamfuta suna rage cin wuta. Ba sa ragewa, allon yana kunne yadda yake. Abin da ke ragewa shi ne a saita kwamfuta ta kashe allonta bayan minti 5 ko 10 in ba a taɓa ta ba, ko malami ya koya wa yara danna maɓallin kashe allo in za su fita tara.

KARANTA TAKARDAR BAYA

Kowane talabijin da allo yana da 'yar takarda manne a bayansa. Ka sa mai kanti ya juya maka shi. Nemi lamba mai W a gabanta. In babu W, sai V da A, riɓanya su: abin caji da aka rubuta wa 12V da 3A ba zai wuce wat 36 ba. Lambar da ke kan takarda yawanci ita ce iyakar abin da akwatin zai iya ja, cinsa na yau da kullum yakan gaza haka. Gara ka yi lissafi da ita, ka sami rara, da ka yi da ƙasa ka shiga bashi. Akwatin da aka kankare takardarsa, ko mai shi ya ƙi juya maka, bar masa kayansa. Akwai kuma ƙaramin ma'auni da ake sawa tsakanin soket da kaya, yana nuna wat nan take. Ƙungiyar manoma ko ta mata za ta iya sayen guda ɗaya a riƙa ara.

IN WANDA KAKE DA SHI KE NAN

Ba kowa ne zai iya canja akwati bana ba. Ga abin da za a yi:

1. A rage hasken fuska. A shafaffen talabijin fitilun baya ne suke cin mafi yawan wuta. A kanti akan ƙure hasken domin jan masu saye, amma a ɗaki da dare rabinsa ya isa, ido ma ya huta.
2. Kada a bar talabijin yana magana shi kaɗai. In labarai ake so a ji ana aiki, rediyo ya wadatar, cinsa bai kai ko kusa ba.
3. A yanka lokacin kallo, iyali su san shi. Fitilar karatun yara ta fara samun rabonta, saura na kallo.
4. A share farantin sola da tsumma mai laushi da ruwa, da safe ko da yamma, musamman lokacin hazo.
5. In inbata tana kuka ko tana ɗaukewa lokacin da aka kunna mai ƙaton baya, ba lalle ta lalace ba. Irin wannan akwati yakan fizgi wuta mai yawa a daƙiƙar farko. Kada a yi ta tilasta mata.

Gargaɗi ɗaya kuma: tsohon akwati mai kwalba yana riƙe wuta mai haɗari a cikinsa ko bayan an zare shi daga soket, gilashinsa kuma yana da dalma mai guba. Kada yara su buɗe shi, kada a fasa shi a bola kusa da rijiya, kada a ƙone shi. A kai wa mai gyara.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kawo wannan magana a taronsu na gaba, tun kafin kuɗin kaka su shigo hannu. Kowa ya zo da lambobin da ya kwafo daga bayan talabijin ɗinsa, da na batir, da na faranti, a yi lissafin tare a kan allo, waɗanda suka yi makaranta su taimaki waɗanda ba su yi ba. Wanda ya sami abin da ya ɗaure masa kai ya tambayi malamin raya karkara na yankinsa, ko ya rubuto mana, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.